Sirdin Nomau

Da la'asar ta yi sanyi na fito da keken
da ya shekara jingine a zaure,
gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin wayoyinsa.
Na ba tayoyi iska, na ɗiga wa kaca man gyaɗa.
Sirdin kuwa na bar shi inda yayana Nomau ya bar shi,
ya ɗara tsawona da yatsu huɗu.

Daga Achida na miƙi hanyar Wurno,
ina taka feda da kan yatsu
kamar mai ratsa ɗakin da jariri ke barci.

Hawan farko ya tambaye ni shekaruna,
na amsa masa da haki.
Jar marmara dama da hagu,
awaki sun ɗare ta suna kallona
kamar na zo musu da labari.
Wani raƙumi ya wuce ni da buhunan albasa,
bai ko ɗaga ido ba,
mai jan akalarsa ne ya ce, "Sannu da ƙoƙari, dattijo."

A Tungar Maje na kaɗa ƙararrawa
don in kori wata kaza daga hanya.
Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa a gindin gawo
ta miƙe tun ba ta waiwayo ba:
"Nomau, kai na? Ina kash shige shekara guda?"
Sai ta dubi fuskata,
ta dubi ƙafata da ke laluben ƙasa ba ta kai ba.
Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban ce komai ba.
Ta ƙulla gyaɗa a leda, ta ɗaura min a kariya,
ta ce, "Canjinai na. Naira hamsin yab bari wurina."

Daga nan hanya ta sunkuya.
Gangara ce doguwa, ta kai kiran salla biyu a ƙafa,
na saki birki, iska ta cika min riga
na zama tulu, na zama balbela.
Fadama ta buɗe a ƙasa, shinkafa kore shar,
ƙamshin tafarnuwa ya taso daga lambuna,
can nesa Rima tana walƙiya kamar wuƙar da aka wasa.
Na ji wani yana dariya da ƙarfi,
na waiga ban ga kowa ba.
Ashe ni ne.

Ƙaya ba ta san farin ciki ba.
Tayar baya ta yi tsaki, ta kwanta.
Na sauka na tura shi, ni da inuwata da ta fi giginya tsawo,
har bakin gari, rumfar Arzika mai faci.

Ya zaro tiyub, ya tsoma a kwanon ruwa,
yana bin kumfa da babban yatsa.
"Ɗaya, biyu... bakwai. Duk hannuna na."
Ya ɗora na takwas, ya hura masa baki,
ya ƙi karɓar kuɗi.
Sannan ya dubi sirdin, ya dube ni,
ya ɗauko sufana yana juya ta a tafi.
"In sauke ma shi?"

Ladan ya rigaye ni magana.
Muka yi alwala da buta guda,
jemagu suna fita daga darbejiya,
hayaƙin tuwo yana kwanciya bisa katangu.
A sujada gwiwoyina suna rawa,
ban sani ba ko hawan ne, ko wani abin.

Da muka sallame duhu ya fara haɗiye tuddai.
Na fasa ƙullin gyaɗar, muka ci tare.
Na ce, "Arzika, sauke shi.
Amma yatsu biyu kawai."